Wayar da Ta Ƙi Kama Zomo

Shekara talatin da biyu Injiniya ya yi yana ja wa mutane wayar wuta a gidajensu, kuma a duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa dawo da shi aiki don haɗinsa ya kwance. Ba injiniya ba ne. Takardar da yake da ita ta koyon sana'a ce, ta wata tara. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan don tsiya, shi kuwa ya rungume shi hannu bibbiyu, har ta kai idan an kira shi da wani suna sai ya waiga ya ga da wa ake. Da ya ajiye aiki, ya dawo gida da akwatin kayan aiki, da buhu biyu na guntayen waya, da kuma tabbacin cewa duk wata gobara a duniya daga haɗi mai sako-sako take farawa.

Gidansu ne na ƙarshe a layin. Bayan ɗakin girki akwai ɗan lambun matarsa, bayan lambun kuma wani fili ne da aka taɓa buga bulo a cikinsa aka watsar, ciyawa ta cinye shi. Injiniya bai san komai game da lambun ba, in ban da cewa daga can ake shigo masa da laka tsakar gida.

A lambun nan matarsa take shuka wani wake ƙanana mai ɗige-ɗigen ja, wanda mahaifiyarta, Inna, ta riƙa shukawa tun kafin a haife ta. Ba a samunsa a kasuwa. Kowace shekara sai ta ware na iri ta cika kwalba, haka take yi tun rasuwar tsohuwar. Bara ƙwari suka shiga kwalbar suka mai da kusan duka gari, abin da ta tsince mai rai bai cika tafin hannu ba. Shi ta shuka kaf, a kunya huɗu, kwana goma kafin a yi mata aikin gwiwa. Guda hamsin da huɗu suka fito.

Likita ya ce sai ta yi wata ɗaya da rabi ba ta hawa ko ɗan tudu, don haka 'yarsu ta ɗauke ta zuwa gidanta da ke kusa da asibiti. Ranar tafiya, ana kama ta ana sa ta a mota, ba ta yi masa zancen maganin hawan jininsa ba, ba ta yi zancen kulle ƙofa ba. Hannun rigarsa ta riƙe.

"Malam, waken nan shi ne na ƙarshe. Babu ko ƙwaya ɗaya a kwalba."

Ya ce mata mutumin da ya haɗa wutar gini mai hawa biyar ba wake ne zai gagare shi ba. Ta yi masa irin kallon da take yi masa idan ya ce ya san hanya, ta sake shi, aka rufe ƙofar mota.

Kwana huɗu abin ya tafi daidai. Yana ba su ruwa da safe, yana tsayawa a kansu hannu a ƙugu kamar mai duba ma'aikata. A rana ta biyar ya fito da bokiti ya tarar an yanke bakwai daga gindi, yanka mai kyau, a karkace, kamar da almakashi. Gefen kunyar ga wasu 'yan ƙwayoyin kashi a zube kamar maganin asibiti. Ko shi da bai san lambu ba ya gane zomo ne.

Ya bi sawun abin yadda ya saba bin layi idan wuta ta ɗauke. Ya sami wata siririyar hanya a cikin ciyawa, ta fito daga filin bulo ta kutso ta ƙarƙashin tsohon shingen kwano. Ya toshe ramin da bulo biyu. Washegari ya ga sun haƙa sabo a gefen bulon, sun ci wasu tara. A nan ne ya yanke shawarar cewa toshe rami aikin malalaci ne. Mai sana'a na gaske ba ya rufe lahani, nemo shi yake yi ya cire. Sai a kama mai laifin.

Ya taɓa ganin tarkon zomo yana yaro. Ba wani abin wahala ba ne: waya ce ake lanƙwasawa a yi zarge, a ɗaure a turke, a kafa a hanyar dabbar, idan ta sa kai zargen ya tsuke. Abin da ya rage, a ganinsa, shi ne zaɓen waya, kuma idan ana maganar waya a garin nan, to an zo gidansa.

Ya zazzage buhu ɗaya a kan teburin cin abinci, abin da bai isa ya yi ba da matar gidan tana nan. Ya zaɓi jan ƙarfe, don shi ya sani, shi ya yarda da shi. Ya feɗe robar, ya zaro silin da ya yi masa, ya miƙar da shi da bakin filaya har ya yi sumul. Ya yi ɗan ƙaramin ido a ƙarshen wayar, ya murɗa shi sau bakwai, murɗi a jere kamar an auna da ma'auni, ya zura ɗaya bakin ta ciki. Da ya ɗaga sai ya ga zargen yana wasa, yana zamewa da kansa. Wannan kuwa abu ne da idonsa ba ya iya gani ya ƙyale. Ya sa filaya ya matse idon har ya kama wayar gam. Sannan ya gwada: ya naɗe bakin a hannun dama, ya riƙe zoben da hagu, ya ja da ƙarfi. Zargen ya matso yana ƙara, ya tsaya inda aka tsayar da shi. Injiniya ya gyaɗa kai. Ya yi guda shida, kowanne kamar ɗan'uwansa, ya kafa su da yamma.

Da safe ya sami biyu a kwance, ɗaya a lanƙwashe, ɗaya da ɗan gashi mai ruwan toka a jiki. Zomo kam babu. Wake ya ragu da biyar. Ya ɗauki wanda ya lanƙwashe ya jujjuya shi a haske, ya yanke hukunci cewa jan ƙarfe ya cika laushi. Ya ji zafin hukuncin kamar wanda ya kori ɗansa daga aiki, amma gaskiya gaskiya ce.

Kullum da la'asar matarsa take kira. Tambayarta ta farko wake, ta biyu ko ya ci abinci, wani lokacin ma tana mance ta biyun. Shi kuma amsarsa ɗaya ce, suna nan, sai ya yi maza ya tambayi gwiwa. Ta ba shi labarin yadda ake sa ta lanƙwasa ƙafa tana hawaye, da yadda 'yarsu ta hana ta gishiri. Ya gaya wa kansa cewa mace mai wannan fama ba ta bukatar labarin zomo, kuma da zarar ya kama ɓarawon zai faɗa mata komai a dunƙule, da asarar da nasarar a faranti ɗaya.

Mai shagon kayan gini na bakin titi, Akwai ake ce masa, don ba a taɓa tambayarsa abu ya ce babu ba. Ko ba shi da abin sai ya ce akwai, ya shige ciki ya daɗe yana buruntu, ya fito da wani abu dabam ya ce ai wannan ya fi. Injiniya ya same shi yana auna wa wani ƙusa. Ya ce yana neman waya mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa, ba ta karyewa, ba ta ƙyalli. Akwai ya tambaye shi ko kura zai ɗaure. Da ya ji zomo ne, sai ya ajiye ma'auni, masu sayayya biyu da ke tsaye su ma suka matso, don babu namijin da ya wuce hamsin da zai yarda bai san kama zomo ba.

Ɗaya ya ce wayar ɗaurin rodi, ita kakansa yake amfani da ita. Ɗayan ya ce kakan wancan ƙarya yake yi, a zamaninsa ina aka ga rodi. Akwai ya ce ba a nan matsalar take ba, warin hannu ne. Zomo yana jin warin mutum a jikin waya, sai an tafasa ta da ganye. Injiniya ya saurare su da haƙurin da masani yake yi wa jahilai, sannan ya ɗauki duk shawarwarin ya tafi da su gida.

Ya tafasa wayar rodi a tukunyar miyar matarsa. Ya yi sabbin tarkuna, murɗi bakwai, matsi da filaya, gwaji da hannu biyu. Raɓar kwana biyu ta sa wayar ta yi tsatsa, ta yi ja kamar an shafa mata barkono. Ya koma ga farar waya ta shinge, wadda ba ta tsatsa amma taurinta sai da ya fasa masa ɗan yatsa. Ya gwada ta alminiyam, ta karye a murɗi na biyar, ya zage ta da irin zagin da ya daɗe yana yi mata tun yana aiki. Ya jera samfuran a kan tebur, kowanne da ɗan tef da ya rubuta ranar da aka kafa shi da yadda aka same shi. Teburin ya yi kyau ƙwarai. Kunya ta ɗaya da ta biyu kuwa sun zama ƙasa zalla, ta uku ta zama kamar bakin tsoho. Wake ya dawo ashirin da shida, sannan goma sha tara.

Wata safiya ya fito tun rana ba ta gama ɗagowa ba, ya zauna a kan bokiti a bayan ƙofar ɗakin girki, ya zuba wa hanyar ido. Bai daɗe ba sai ga shi. Ba wani ƙaton abu ba ne, ɗan siriri ne mai tsagaggen kunne ɗaya. Ya taho a natse kamar ma'aikacin da ya san ba a rubuta makara a wurin aikinsu. Ya iso tarko, ya sa kai cikin zargen har wayar ta sauka a kafaɗarsa. Zomon ya ɗan tura, ya ji abu ya tokare shi, ya ja da baya, ya girgiza kunne, ya kewaya ta gefe ya nufi kunya ta huɗu. Sai da Injiniya ya wurga masa takalmi sannan ya tafi, ba ma da sauri sosai ba.

Ya daɗe tsugune a gaban tarkon. Ya ga komai da idonsa, kuma daga abin da ya gani ya fahimci cewa wayar ce ta cika tauri. Ana bukatar wadda take da laushin jan ƙarfe da ƙarfin baƙin ƙarfe a lokaci ɗaya.

Da ya koma shagon, Akwai ya shiga ciki ya yi buruntunsa ya fito hannu wofi, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce irin wannan sai wayar birkin keke, kuma akwai, amma a rumfar ƙanin matar Injiniya.

Wannan shi ne abin da Injiniya yake gudu tun farko. Ƙanin matarsa facin keke yake yi a bayan tashar mota. Ya ba hamsin baya, gemu ya yi fari, amma har yanzu Auta dangi suke ce masa. Tsakaninsu babu faɗa, sai dai wata rana da daɗewa Injiniya ya leƙa rumfarsa, ya ga yadda ya ja wa kansa wuta, ya ce a gaban mutane wannan ba waya ba ce, shanya ce. Auta ya yi dariya a lokacin, kuma bai daina tuna masa ba. Abin da ya fi wannan muni, Auta ba ya iya ɓoye wa yayarsa komai. Ko mafarki ya yi sai ta ji.

Ya kwana biyu yana jinkiri. Wake ya dawo goma sha ɗaya. Ranar ya zuba tarkunansa a jaka, ya sa hula, ya tafi.

Rumfar tana nan yadda ya san ta: tsofaffin rim na ƙafar keke a rataye a jikin ƙusa, kwanon ruwa baƙi ƙirin da ake neman huji a ciki, kujerar mota da aka cire aka mai da ita benci, warin gam ya cika ko'ina. Auta yana zaune ya kifa wani keke yana juya ƙafarsa yana sauraronta. Da ya ga mai zuwa sai ya miƙe ya kakkaɓe bencin da tsumma mai maiƙo, wanda ya ƙara masa datti, ya ce yau rumfarsa ta yi babban baƙo, ko an zo duba shanya ne. Suka gaisa, suka yi zancen gwiwar Yaya. Injiniya ya ce wayar birki yake so, tsohuwa ma ta isa, zai rataye labule.

Auta ya dubi gwiwoyin wandonsa da suka sha ƙasa, ya dubi ɗan yatsan da ke naɗe da tef, ya dubi jakar da bakin waya ya huda ta ya leƙo. Ya ce labulen nan da alama yana cizo. Ya miƙa hannu. Injiniya ya ba shi jakar, don ƙin bayarwa zai fi muni.

Auta ya zazzage tarkunan a kan cinya. Ya ɗauki na jan ƙarfen ya daɗe yana kallon murɗin, ya ce tsakaninsa da Allah bai taɓa ganin tarko mai kyan wannan ba, ya kamata a sa shi a gilashi. Sannan ya rataye turken a hannun keke, ya zura ƙaramin yatsansa cikin zargen, ya ja a hankali. Zargen bai motsa ba. Ya gwada na rodi, ya gwada na shinge. Ko ɗaya bai motsa ba.

Injiniya ya ce ai ba haka ake gwadawa ba, ya karɓa ya naɗe a hannu ya ja da ƙarfi, zargen ya matso yana ƙara.

"Injiniya," in ji Auta, "zomon naku dambe yake yi?"

Bai jira amsa ba. Ya warware tarkon jan ƙarfen, wanda aka kora tun ranar farko, ya ɗauki tsinken ƙafar keke, ya naɗe bakin wayar a jikinsa sau biyu, ya murɗa da yatsu, ya zare tsinken. Idon ya fito a buɗe, ƙato, mummuna. Ya zura wayar ya yi zarge, ya ɗaga, ya hura masa iska da baki. Zargen ya zame ya tsuke da kansa.

Ya ce a aikinsa duk wayar da ba ta gudu a cikin gidanta mai keke take kashewa. Ya ce idan zaɓi ake so, tagulla ta fi, sili uku ko huɗu a murɗe tare, don tana zama yadda aka lanƙwasa ta, raɓa ba ta cin ta, kuma tana da santsi. Jan ƙarfe yana miƙewa idan dabba ta yi fizga. Wayar birki tana da ƙarfi amma tana da taurin kai, ba ta son zama a zagaye. To amma duk wannan zancen na wanda tarkonsa yake rufewa ne. Da kowacce daga cikin waɗannan da tuni an kama, in da an bar ta ta yi numfashi.

Injiniya ya ji maganar ta sauka a wani wuri da bai san yana da shi ba. Mako uku yana tuhumar ƙarfe iri huɗu, bai taɓa kawo hannunsa cikin waɗanda ake zargi ba. Ya ce a ba shi tsinken. Ya naɗe, ya murɗa, ya zare, ya zura. Zargen ya yi wasa. Kafin ya ankara filaya tana hannunsa, ta fito daga aljihu ta kama idon. Auta ya karɓe ta a hankali, kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun mai maye, ya sa a aljihunsa ya ce za a mayar masa idan zai tafi.

Sai a gwaji na huɗu Injiniya ya iya barin idon a buɗe. Bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ya ce wannan da a gidan mutum ne da tuni an kira 'yan kwana-kwana. Auta yana dariya yana share ido da bayan hannu, ya tambaya, wai me ma zomon yake ci ne a gidan da ba kowa sai tsoho da filaya.

Injiniya ya ci gaba da juya wayar a hannu. Dariyar Auta ta ragu, ta tsaya.

"Waken Inna?"

Ya gyaɗa kai.

"Nawa suka rage?"

"Sha ɗaya."

Auta bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya sauke keken da yake gyara ya jingine, ya kwaso tsofaffin rim daga jikin ƙusa, ya shiga bayan rumfa ya fito da wata ragar kejin kaji a naɗe, ya ɗaure duka a bayan kekensa. Ya ja ƙyaure ya kulle da rana tsaka. Suka taho a ƙafa yana tura keken.

A lambun Auta ya tsuguna a gaban kunya ta huɗu ya taɓa ganye ɗaya da bayan yatsa. Ya ce suna yara idan aka ɓare waken nan Inna takan ba shi guda goma ya yi wasa da su, amma sai ta ƙirga kayanta kafin ya tashi. Ya ce shi bai taɓa shuka shi ba, ya bar wa Yaya, don ya ɗauka abin da ke hannun Yaya ba ya ƙarewa. Sannan ya miƙe ya ce tarko zai kama ɗaya, ya yi yawa biyu, alhali filin can ya fi ƙarfin ƙirga, kuma sha ɗaya abincin zama guda ne. A kafa tarkon, amma a rufe waken tukuna.

Suka sa rim a ƙasa kewaye da kowane tushe biyu ko uku, suka tayar da raga a kansa kamar kwando a kife, suka binne bakin a ƙasa. Auta ya mayar masa da filayarsa ya ce to, nan ya matse iya son ransa. Injiniya ya ɗaure raga da wayar shingen nan mai tauri, ya matse kowane ɗauri har sai da ya yi ƙara. Shi kuma Auta ya bi hanyar zomayen ya kafa tarko uku a cikin ciyawa, can nesa da shinge inda suke tahowa da gudu, kowanne tsayin yatsu huɗu daga ƙasa, ya yi wa kowanne ɗan ƙulli a jiki don ya riƙe ba tare da ya shaƙe ba.

Suna wanke hannu a bakin famfo la'asar ta yi, salular Injiniya ta fara kuka a kan taga. Suka dubi juna. Auta ya ce shi dai ba zai kira ta ya kai ƙara ba, amma idan ta tambaye shi ba zai ce suna nan ba.

Injiniya ya goge hannu a riga ya ɗauka. Ta yi tambayarta ta farko. Ya faɗa mata, daga ranar bakwai ɗin farko har zuwa yau, bai tsallake tukunyar miya ba. Bai saba yin dogon bayanin da ba shi ne mai gaskiya a ƙarshensa ba, don haka da ya gama sai ya rasa inda zai ajiye muryarsa. Ta cikin salular yana jin ƙarar fanka a ɗakin 'yarsu.

"Mako uku, Injiniya," ta ce. Ba ta kiransa haka sai ranta ya ɓaci. "Da ka faɗa mini ranar farko, da na ce ka kife musu kwandunan wanki."

Ya ce haka ne. Ta ce ya ba ta Auta. Auta ya karɓa ya koma can ƙarshen lambu ya juya baya, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya Injiniya ya ji ya yi dariya, sau ɗaya ya ga ya ɗaga gefen riga ya kai fuska. Shi dai yana tsaye a bakin famfo yana tattara guntayen waya da babu abin da za a yi da su.

Da aka dawo masa da salular ta ce sha ɗaya za su iya cika rabin kwalba idan an bar su sun bushe a jikin uwarsu. Kada ya tsinki ko ɗaya ɗanye, kada ya zuba ruwa a ganye. Kuma daga yau ba ta son jin suna nan. Lamba take so, kowace rana. Ta kashe ba ta tambayi ko ya ci abinci ba.

Washegari tarko ɗaya ya kama. Ba mai tsagaggen kunnen ba ne, wani ne, ya fi shi ƙiba, yana zaune a ƙarshen waya yana haki. Injiniya ya sa shi a kwali ya kai wa Auta rumfa, don shi ya san yadda ake yi da shi. Ya dawo ya ɗage ragar ƙarshe don ya cire wata ciyawa da ta tsiro a ciki, ya ja da baya ya ga ko ta fita, sai ya ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin dugadugansa. Ya ɗaga ƙafa. Ya gwada tayar da tushen, ya tokare shi da tsinke, ya ɗaure da zare. Kafin azahar ya yanƙwane.

Da la'asar ta kira. Ya ce goma.

"Sun shiga ragar?"

"A'a. Ni na taka ɗaya."

Ta tambaye shi da wane takalmi yake shiga lambun. Ya dubi ƙafarsa, ya ce da na aiki, mai ƙarfe a baki. Ta ce ya cire shi, daga yau ƙafa ba takalmi, yadda zai ji abin da yake takawa. Ya ce to. Ta ce yanzu take nufi, tana jira.

Ya matse salular tsakanin kunne da kafaɗa, ya zauna a kan bokiti, ya fara kwance igiyar takalmin. Ya ɗaure ta da kyau da safe, sai da ya sa farce.